Gwaji Kafin Allura, ko Allura Kafin Gwaji? Abin da Sanƙarau da Korona Suka Nuna a Ƙasar Gumel

Daga farkon Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,686 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a faɗin Najeriya, 124 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. A cikin wannan adadi, 1,252 a Jigawa suke. In aka ƙara matsowa kusa, Maigatari ita kaɗai ta ɗauki 505, Sule Tankarkar 247. Wato ƙananan hukumomi biyu da ke jingine da iyakar Nijar su suka sha fiye da kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasar nan baki ɗayanta ta gani. Allurar rigakafi ta iso, amma sai a ƙarshen Maris, azumi ya riga ya kama. An bi mazaɓu 17 a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, aka yi wa wajen mutum 230,000 masu shekara 1 zuwa 29. A ƙetaren iyaka kuwa, gundumar Dungas ta jihar Damagaram tun watan Nuwamba take kwantar da masu wannan ciwo.

Tsakanin Nuwamba da Maris wata huɗu ne cur. A kan waɗannan watanni ake jayayya, kuma jayayyar ta girmi sanƙarau na 2023, don an yi irinta a kan shan inna, an yi ta a kan korona. Wasu na cewa idan annoba ta kunno kai a fara bin sawunta tukuna, a gwada, a ƙidaya, a san nau'inta da inda ta fi ƙarfi, sannan a kai allura. Wasu na cewa a yankin da aka san cuta na dawowa duk rani, a riga ta isowa da allura, ƙidaya ta biyo baya.

Sai an san yadda tsarin yake tafiya kafin a gane inda kowa ya tsaya. Yaro zai kwana lafiya lau, da hantsi zazzaɓi ya rufe shi, kafin la'asar wuya ya sanƙare, ba ya son haske, yana amai. Jariri kuwa maɗigarsa ce ke kumbura. In an yi sa'a an kai shi asibiti, za a kwantar da shi a gefe ɗaya, a lanƙwasa shi har gwiwa ta kusa ƙirji, a soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon bayansa, a ɗigo ruwa kaɗan a kwalba. Na mai lafiya garau yake fitowa, na mai sanƙarau kan fito a gurɓace. Iyaye da yawa a nan suke tirjewa, don akwai tsohon tsoro cewa ɗibar ruwan baya na gurgunta yaro, alhali ciwon ne ke nakasa shi, ba ɗibar ruwan ba. Wannan kwalba ita za ta yi tafiya zuwa ɗakin gwaje-gwaje, kuma ƙwayar cutar ba ta jure jinkiri. A gefe guda, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma yana tattara rahoton mako-mako. In aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, an shiga matakin gargaɗi. In ya kai 10, an shiga annoba. Daga nan ne ƙasa za ta rubuta wa kwamitin da ke riƙe da rumbun alluran gaggawa na duniya, wanda aka kafa a 1997, ta haɗa da shaidar nau'in ƙwayar, a amince, a loda jirgi, a sauke, a raba zuwa jiha, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa akwatin ƙanƙara a bayan babur. Ko an yi allurar ma, jiki na bukatar kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin garkuwa ta tsaya.

Masu cewa a fara da allura, babbar hujjarsu kalanda ce. Sanƙarau ba baƙo ba ne a wannan yanki. Yana tasowa da hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke raunana maƙogwaro, mutane kuma na cunkushe a ɗaki ɗaya saboda sanyi. Yana tsananta da zafin bazara, ya lafa da faɗuwar ruwan farko. Allurar da ta zo a ƙarshen Maris ta ceci rayuka, ba mai musu, amma ta tarar da an riga an ci rabin lokacin cutar ko fiye. Wanda ya rasa ɗa a Janairu, a wurinsa wannan ihu bayan hari ne. Kuma ba mutuwa kaɗai ake lissafi ba. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau suna tashi da tabo na dindindin: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa ko na ƙwaƙwalwa. Waɗannan ba sa shiga jadawalin mace-mace, amma suna nan a gidajenmu.

Hujjarsu ta biyu ita ce iyakar kanta. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa layin da ke kan taswira bai raba kowa ba. Raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar suke gangarowa, fatake daga Dungas da Magariya da Damagaram, masu saye daga Kano har kudancin ƙasar nan, a yi ciniki kafaɗa da kafaɗa, a ci abinci a kwano ɗaya, a yi sallah a sahu ɗaya, da yamma kowa ya kama hanya. Ga auratayya, ga gonaki da ke tsallake iyaka, ga almajirai. Masana sun ce kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsa ba tare da ya yi ko ciwon kai ba, kuma shi ne ke yaɗa ta. Wa zai tsayar da irin wannan a shinge? An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka buɗe ta Maigatari ranar 16 ga Disamban 2020 tare da Seme da Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. A duk tsawon waɗannan rufe-rufe, hanyoyin daji ba su daina aiki ba. Don haka, in ji masu wannan ra'ayi, ranar da Dungas ta shiga annoba, Maigatari ma ta shiga, ko da takarda ba ta nuna ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba ka jiran ganin hayaƙi a naka kafin ka shafa masa ruwa.

Sai su ƙara da korona, su ce ta nuna cewa ƙidayar da ake jira ɗin ma ba ta gani sosai. An tabbatar da mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Kano ranar 11 ga Afrilu. Makonni kaɗan bayan haka masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa da yawan jana'iza, a daidai lokacin da ɗakin gwajin jihar ya tsaya na kwanaki. An ji makamancin wannan kuka daga Haɗeja da Azare. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an bi diddigin mace-mace 979 a Kano ta hanyar tambayar iyalan mamatan, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama korona ce sanadi. Idan birni kamar Kano ya kasa ganin annoba tana tsaka da cin mutane, ina ga ƙauyen da ke bayan Gagarawa, inda mara lafiya ke fara zuwa wurin mai kemis ko mai maganin gargajiya? Kuma da allurar korona ta zo a Maris na 2021, Jigawa ta shiga sahun gaba tare da Nasarawa a yawan waɗanda aka yi wa, ba tare da an tsaya gwada jinin kowa ba. An yi aiki da hakimai da dagatai da limamai, aka kai allura kasuwa da masallaci.

Wannan ɓangare yana da ƙarfi, kuma zuciyata can ta fi karkata. Amma masu cewa a fara da gwaji ba masu son jinkiri ba ne, kuma akwai tambayar da suke yi wadda ba ta da sauƙin amsa: allurar me za a yi?

Sanƙarau ba iri ɗaya ba ne. Annobar 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, nau'in A ce. An samar da allura ta musamman dominsa, MenAfriVac, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta shigo Najeriya a 2011, Jigawa na cikin jihohin farko. Ta yi aiki ƙwarai, har nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankin Sahel. Sai ga nau'in C ya taso, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, ya kama fiye da mutum 14,000, ya kashe fiye da 1,100. Shi ne kuma ya addabi ƙasar Gumel a 2023. Yaron da aka yi wa allurar nau'in A ba shi da kariya daga nau'in C. Da ba don ruwan bayan nan da ake ɗiba ba, da an ci gaba da kai allurar da ba ta dace ba, yara na mutuwa, iyaye na cewa ai an yi musu allura kuma ga shi ba ta hana komai ba. Irin wannan magana in ta shiga gari, ta fi cutar wuyar fita.

Batun amana ba ƙarami ba ne a nan. A cikin annobar 1996 ɗin ne kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kafin sulhun 2009. Wannan rauni yana cikin abin da ya ba jita-jitar 2003 kan rigakafin shan inna ƙarfi, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Masu goyon bayan gwaji suna cewa al'ummar da aka taɓa cin amanarta tana da haƙƙin a nuna mata shaida. Jami'in da zai tsaya gaban dagaci ya ce mun gwada yara kaza a mazaɓarka, ga abin da muka gani, ga allurar da ta dace da shi, ya fi samun kunne a kan wanda zai ce an aiko mu daga sama.

Sannan allura ba ta da yawa, kuma tana lalacewa. Rumbun duniya na sanƙarau ƙasashe 26 ne ke kallonsa, daga Senegal zuwa Habasha. Abin da aka ba wanda bai shiga annoba ba, an hana wanda ya shiga. A korona an ga ɗaya fuskar: Najeriya ta karɓi allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 ranar 2 ga Maris na 2021, daga baya ƙasashe masu arziki suka riƙa turo ragowar nasu da wa'adinsa ya kusa cika, har a Disamban shekarar aka lalata fiye da miliyan 1 a Abuja. Rabon da ba a gina shi kan sanin inda bukata take ba, ƙarshensa ke nan.

Kuma wa ya tona cewa ƙidayar korona ba ta gani? Gwaji ne, amma wani iri. Gwajin da ake zura auduga a hanci yana nuna wanda ke ɗauke da cutar yau. Gwajin jini na garkuwa kuwa yana neman sawun da cutar ta bari, wato sinadaran da jiki ya ƙera lokacin da ya yi faɗa da ita, ko mutum ya san ya yi ciwo ko bai sani ba. A Satumba da Oktoban 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Legas suka bi gida-gida a jihohi huɗu, suka ɗibi jinin fiye da mutum 10,000. Aka samu sawun korona a jikin kashi 23 cikin 100 a Legas da Inugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gombe. Wannan na nufin miliyoyi, a lokacin da adadin hukuma na ƙasar duka bai wuce wajen 60,000 ba. A Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa Satumban 2021 kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da cutar, ninki 97 na abin da aka rubuta. Masu wannan ra'ayi na cewa da an san haka da wuri, kuma da an yi irin wannan bincike a Jigawa tun farko, da an fi sanin yadda za a auna tsakanin kulle mutane a gida da barin talaka ya nemi abin kai wa baki, da kuma an fi mayar da hankali kan tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda su cutar ta fi ɗauka.

A nan akwai wata magana da ke fakewa a bayan hujjar gwaji, wadda ya kamata a ware ta. Na sha jin masu ilimi suna cewa tunda yawancinmu mun riga mun yi korona, sai a gwada mutum tukuna, in yana da garkuwa a ƙyale shi. Wannan ba ta tsaya ba. Tun a Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan mayar da sakamakon gwajin jini takardar shaidar kuɓuta. A birnin Manaus na Brazil wani bincike ya ƙiyasta cewa kashi 76 cikin 100 na mazauna sun kamu zuwa Oktoban 2020, aka ɗauka an gama. A Janairun 2021 asibitocin birnin suka cika har iskar numfashi ta ƙare. Da nau'in Omicron ya ɓullo a Nuwamban 2021, ya sake kama ɗimbin waɗanda suka taɓa warkewa. Garkuwa tana raguwa, ƙwayar cuta tana sauya kama, sannan gwada mutum ɗaya-ɗaya kafin allura kuɗi ne da lokaci da ba mu da su. Gwajin garkuwa yana da amfani wajen auna al'umma, a ɗauki samfurin 'yan ɗaruruwa a fahimci halin dubbai. Ba abin da za a tsayar da mutum a layi da shi ba ne.

Shan inna ta nuna yadda ɓangarorin biyu ke bukatar juna. Tun 2011 ake ɗibar ruwan magudanai a Kano ana neman ƙwayar cutar, saboda cikin yara ɗaruruwa da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yawo da ita ba a sani ba. A 2018 aka gano wani reshe na cutar a Jigawa, irin wanda ke samo asali daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon baki idan ta daɗe tana zagayawa a inda yara da yawa ba su da rigakafi. Binciken ƙwayar halittarsa ya nuna ya tsallaka zuwa jihar Damagaram, daga baya har wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Gwaji ne ya bi sawunsa, amma ƙarancin allura ne ya haife shi. Kuma wannan karon daga wajenmu wutar ta tashi zuwa wajen maƙwabta, abin da ya kamata masu ɗora wa baƙi laifin kowace cuta su tuna.

Abin da ya sauya lissafin sanƙarau ya faru a Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kare nau'i biyar a sara ɗaya: A da C da W da Y da X. An fara ta a Jigawa da Bauchi da Yobe, aka nufi fiye da mutum miliyan 1 masu shekara 1 zuwa 29, bayan wata annobar da ta kashe mutum 153 a ƙasar nan daga Oktoban 2023. Ana kuma sa ran za ta rage zaman ƙwayar a maƙogwaro, ta yadda za ta kare har wanda ba a yi wa ba. Da wannan allura, tambayar allurar me za a yi ta rasa mafi yawan nauyinta. Masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ma sun ba da shawara tun 2023 cewa ƙasashen yankin sanƙarau su sa ta cikin rigakafin yau da kullum na yara. Amma a lura, ko a 2024 ɗin, bayan annoba ta tashi aka kawo ta.

Hukuncina shi ne, a yanki irin ƙasar Gumel bai kamata gwaji ya zama sharaɗin allura ba. Inda cuta ke da lokacinta sananne, da hanyarta sananniya, da allurar da ta rufe yawancin nau'o'inta, jiran adadi ya kai 10 cikin 100,000 yana nufin an yarda wasu yara su zama shaidar da za a rubuta a takardar neman taimako. Wannan ba abin da za a yarda da shi ba ne. Sai dai masu gwaji sun yi gaskiya a abu guda da ba zan saki ba: jinkirin 2023 ba yawan gwaji ne ya jawo shi ba, rauninsa ne. Kwamitin rumbun duniya ƙa'idarsa ita ce ya yanke hukunci cikin kwana biyu, allura ta iso cikin kamar mako guda. Lokaci yana zubewa ne tun kafin takarda ta isa gare shi, a wurin yaron da ba a kai asibiti ba, da ruwan bayan da ba a ɗiba ba, da kwalbar da ta lalace a hanya, da labarin Dungas da bai zama gargaɗi a Maigatari ba. Kuma akwai sanƙarau da wasu ƙwayoyin daban ke haddasawa, wanda Men5CV ba ta taɓa shi. Ranar da aka daina dubawa, ranar za a daina sanin abin da ke tafe.

Ina kira ga gwamnatin Jigawa da hukumar lafiya a matakin farko da su nemi a yi wa ƙananan hukumomin bakin iyaka allurar sanƙarau kafin hunturu, a Oktoba ko Nuwamba, ba a tsakiyar bazara ba. A ƙarfafa babban asibitin Gumel da kayan gwajin gaggawa da ma'aikatan da suka iya ɗibar ruwan baya, a ajiye maganin ceftriaxone a asibitocin mazaɓu tun kafin a bukace shi. Jami'an lafiya na Maigatari da Sule Tankarkar su riƙa musayar adadin mako-mako da takwarorinsu na Dungas da Magariya, ko Abuja da Yamai suna ga-maciji ko suna shiri. Kai kuma mai gida, in zazzaɓi ya zo wa yaro da sanƙarewar wuya, kada a kwana da shi a gida, kuma in likita ya nemi ɗibar ruwan baya, ka amince.